"Ka zo da ƙarfe biyu": wa ke fassara Hausar titi a gaban alƙali?

Tambaya: Wata baiwar Allah ta rubuto cewa an kama ƙanenta da abokansa bayan wani faɗan daba da aka sari mutum a unguwarsu. Ba a kama shi a wurin ba, ba a kuma same shi da makami ba. Abin da masu gabatar da ƙara suka riƙe shi ne saƙon WhatsApp da ya tura wa abokinsa a ranar: "ka zo da karfe biyu, akwai aiki." Ɗan sandan da ya yi bincike ya rubuta cewa a Hausar 'yan daba ƙarfe makami ne, aiki kuma hari. Tana so ta san ko kotu tana karɓar irin wannan fassara, kuma wa ke da hurumin cewa ga abin da yaro yake nufi.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya kawo muku mafita, Ya kuma ba wanda aka sara lafiya. Ni malamin harshe ne, na kuma daɗe ina yin tafinta a kotu, saboda haka zan amsa miki ta ɓangaren da na sani, lauyanku ya ɗora daga nan.

E, kotu tana karɓar saƙon waya a matsayin hujja, kuma tana sauraron wanda zai yi mata bayanin kalmomin da ke ciki. Amma abin da ɗan sanda ya rubuta ra'ayinsa ne. Ana iya yi masa tambayoyi a kai, ana iya kawo wani ya saɓa masa, kuma alƙali ne kaɗai zai yanke ma'anar da zai ɗauka.

Bari mu tsaya a kan jimlar ƙanenki, don a nan maganar take. Ki karanta wa mahaifiyarku "ka zo da ƙarfe biyu", ki tambaye ta me ta ji. Za ta ce miki an sa wa mutum lokaci ne, bayan azahar. Ki karanta wa mai walda, yana iya tambayarki rodi ko fayif. Ɗan acaɓa yana kiran babur ɗinsa ƙarfe, wanda ya yi sabuwar mota ana ce masa ya fasa sabon ƙarfe. Kuma ba zan ɓoye miki ba, akwai bakunan da ƙarfe yake nufin bindiga ko wani makami a cikinsu. Duk waɗannan Hausa ce ingantacciya, kuma ko da baki aka faɗi jimlar, sautinta ɗaya ne. Haka aiki. Lebura yana fita aiki, mai lodi a tasha yana jiran aiki, mai gyaran waya yana cewa an kawo masa aiki, ɗan fashi ma idan zai fita cewa yake za su aiki. Ɗan sandan bai yi ƙarya ba da ya ce kalmomin suna iya ɗaukar wannan ma'ana. Inda ya zarce iyaka shi ne da ya mayar da "suna iya nufin" ya koma "suna nufin". Tsakanin waɗannan biyun akwai shekarun rayuwar mutum.

Mu a fagen nazarin harshe muna kiran irin wannan magana sara, kuma halinta ne ba ta zama wuri ɗaya. Kalmar da 'yan daba suke yi a Kano ba lallai ta yi daidai da ta 'yan sara-suka a Bauchi da Jos ba, ko ta 'yan kalare a Gombe, ko ta ƙauraye a Katsina. Ko a gari ɗaya, unguwa da unguwa suna bambanta. Abu mafi muhimmanci kuma, sara ba ta zama a hannun waɗanda suka ƙirƙire ta. Yau tana bakin ɗan daba, gobe tana bakin mai shayi, jibi ɗalibar sakandare tana yi wa ƙawarta ita a waya ba tare da ta san inda ta fito ba. Don haka jin kalmar daba a bakin yaro ba ya nuna ɗan daba ne. Abin da yake nunawa shi ne a wace unguwa ya tashi da kuma shekarunsa.

Ki dubi "wanke". Idan aka ce an wanke wane, ko dai an damfare shi, ko an kwaɗa masa mari, ko kotu ta ce ba shi da laifi, ko kuma ya rasu an yi masa wanka. Ki dubi "kaya": tufafi ne, lefe ne, hajar kasuwa ce, ƙwaya ce. "Kashe" kuwa ba a magana. Muna kashe kuɗi, mu kashe ƙishirwa, mu kashe ɗauri, mu kashe wuta, uwa tana bin ɗanta da tsintsiya tana cewa yau sai ta kashe shi, ba wanda ya taɓa kiran 'yan sanda. Ga wata matsalar kuma ta rubutun waya, inda ba ƙugiya, ba alamar sauti, ba a raba kalma daidai. "Mu hadu a fada" na iya zama fadar mai unguwa, na iya zama faɗa. "Bashi" na iya zama kuɗin da ake bin mutum, ko umarnin a ba shi, ko farkon "ba shi ba ne". Wanda ya juya wannan zuwa Turanci dole ya zaɓi ɗaya, kuma da zarar ya zaɓa, sauran ma'anonin sun ɓace daga takardar da alƙali zai karanta. Alƙalin ba zai ma san an yi zaɓi ba.

Wannan ba matsalarmu ba ce mu kaɗai, kuma shari'ar da ta fi tsaya mini a rai ta faru ne a Ingila. A watan Nuwamba na 1952, wasu samari biyu, Derek Bentley mai shekara 19 da Christopher Craig mai shekara 16, suka hau rufin wani ɗakin ajiyar kaya a Croydon, kudancin Landan, da niyyar sata. 'Yan sanda suka rutsa su. Craig ne ke da bindiga. 'Yan sandan suka ce sun ji Bentley ya ɗaga murya ya ce "Let him have it, Chris". A Turancin yau da kullum wannan na nufin "miƙa masa", wato ba shi bindigar. A Turancin titi kuma yana nufin "ɗirka masa". Kusan kamar a ce da Hausa "ba shi kawai". Craig ya yi harbi ya raunata ɗan sanda ɗaya, can daga baya ya harbe wani mai suna Sidney Miles har lahira. Craig bai kai shekarun hukuncin kisa ba, sai aka ɗaure shi. Bentley, wanda bai harbi kowa ba, wanda ko karatu bai iya ba, aka rataye shi ranar 28 ga Janairu, 1953. Shi da Craig duk sun musanta cewa an ma furta kalmomin. Yayarsa Iris ta shafe rayuwarta tana neman a wanke shi, ta rasu a 1997, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1998. Babban dalilin kotun shi ne alƙalin farko bai yi wa masu taya shi yanke hukunci bayani na adalci ba. A cikin abin da aka gabatar kuma har da nazarin wani masanin harshe, Malcolm Coulthard, a kan takardar jawabin da aka ce Bentley ya yi da bakinsa kalma da kalma. Ya nuna cewa tsarin jimlolin irin na rubutun 'yan sanda ne, ba irin maganar saurayi mara karatu ba. Na kawo miki wannan ne saboda ke ma yaya ce da ta tsaya wa ƙanenta, kuma ina so ki ga cewa jayayya a kan kalma ba wasan malamai ba ne.

A Amurka, wani saurayi baƙar fata mai suna Warren Demesme yana hannun 'yan sanda a jihar Luwiziyana, sai ya ce musu in dai suna ganin shi ya yi, to "give me a lawyer dog", wato ku ba ni lauya. Kalmar ƙarshen asalinta kare, amma a bakin matasansu kira ce ta abokantaka, kamar yadda namu suke cewa baaba ko mutumina. Ba a kawo masa lauya ba, aka ci gaba da tambayarsa. A 2017 kotun ƙolin jihar ta ƙi sauraron ƙorafinsa, ɗaya daga cikin alƙalan har ya rubuta cewa ambaton "lauya kare" magana ce mai harshen damo, ba neman lauya ba. Waƙafi guda da mai rubutu bai sa ba ya shiga cikin abin da ya yi masa illa. Wani bincike kuma da aka buga a 2019 ya gwada masu rubuta bayanan kotu 27 a birnin Filadelfiya da Turancin baƙaƙen fata. Aikinsu yana buƙatar daidaito na kashi 95 cikin 100, amma kusan jimla biyu cikin kowace biyar sai da suka yi kuskure a cikinta. Wannan fa Turanci ne zuwa Turanci. Ki ƙiyasta namu, inda yaro ya yi Hausar unguwa, ɗan sandan da wataƙila a bariki ya koyi Hausa ya juya ta, alƙali ya rubuta da Turanci.

Yanzu ga tambayarki ta biyu, wa ke da hurumi. A Ingila, inda waƙoƙin matasa da saƙonnin waya suka cika kotuna, yawanci 'yan sanda ne suke tsayawa a matsayin masana harshen titi. Masu bincike a Jami'ar Manchesta sun fitar da rahoto a 2024 inda suka tattara shari'o'i 68, masu ɗauke da mutum 252 da ake tuhuma, waɗanda aka yi amfani da waƙar gambarar zamani a cikinsu a matsayin hujja, akasarinsu matasa baƙaƙen fata. Akwai masana masu zaman kansu irin su Tony Thorne na King's College a Landan, wanda ya daɗe yana tattara kalmomin sara kuma lauyoyi suna neman sa, amma ba su da yawa. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2022 da ta tilasta wa alƙali ya auna sosai kafin ya bari a kawo baitin waƙa a matsayin hujja. Mu Hausawa bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba, mu da muke da kirari. Ɗan tauri ko ɗan dambe ko mafarauci idan ya shiga fage yana cika baki da kisa da jini da kabari, kowa ya san al'adar fage ce. Yaran yanzu sun ɗauko wannan cika bakin sun kai shi TikTok da sitatus.

Damuwata da ɗan sanda mai bincike ba wai bai san Hausar titi ba ce. Sau da yawa ya fi ni saninta, don kullum yana cikinta. Damuwar ita ce inda ya koye ta. Ya koyi "ƙarfe" ne daga bakin waɗanda aka kama da makami, bai zauna da dubban samarin da suke faɗinta suna nufin babur ba, don ba abin da zai kai su ofishinsa. Kuma ya karanta saƙon ne bayan ya riga ya zargi yaron. Mutum ɗaya ya yi kamu, ya yi fassara, ya kuma zo ya ba da shaida cewa fassararsa daidai ce. Ko da mutumin kirki ne, wannan tsari ba ya ba da kariya.

Dokar Nijeriya ta ba ku abin riƙewa. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma mara laifi ne har sai an tabbatar, ya kuma ba shi haƙƙin tafinta kyauta idan bai jin harshen kotu. Dokar shaida ta 2011 ta ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin tabbatar da laifi ba tare da shakka mai ma'ana ba, a sashe na 135. Sashe na 84 ya shimfiɗa sharuɗɗan karɓar abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta, sashe na 68 kuma ya yi magana a kan ra'ayin masani, wanda dole ya nuna wa kotu inda ya samo ƙwarewarsa. Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida tun shari'ar Gidado ta 1940: idan an ɗauki jawabin wanda ake tuhuma ta bakin tafinta, sai an kira tafintan ya ba da shaida, in ba haka ba jawabin ya zama ji-ta-ji-ta. Kotunanmu sun sha nanata cewa a rubuta jawabi da harshen da aka yi shi kafin a fassara. Hikimar da ke cikin wannan ita ce kuke buƙata a kan saƙon waya: ainihin Hausar ta zo gaban alƙali.

Idan kotun shari'ar Musulunci ce, ƙofar ta ma fi faɗi. Malamanmu sun daɗe da raba lafazi sarihi, wato bayyananne, da kinaya, wato mai sakayawa, kuma kinaya tana buƙatar a duba niyya da al'adar masu magana. Lokacin da Ma'izu ya zo da kansa yana iƙirarin ya yi zina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kama kalmarsa ta farko ba. Ya yi ta mayar da shi, yana tambayarsa ko dai sumba ce, ko taɓawa, ko kallo, har sai da ya tabbata abin da mutumin yake nufi da kalmar shi ne abin da shari'a take nufi da ita. Wannan mai iƙirari ke nan a kan kansa, balle wanda wani ne ya fassara masa magana.

Bari in ba ki abu biyu da na gani da idona, don kada ki ɗauka kullum fassara tana faɗawa gefen wanda ake tuhuma. A wata kotu an miƙo mini takarda da Turanci, an rubuta cewa wanda ake tuhuma ya yi alkawarin kashe abokinsa a ranar. Na roƙi a kunna ainihin saƙon muryar. Aka ɗora wayar a kan teburin rajistara, kotu ta yi tsit. Sai ga muryar yaro yana cewa "wallahi yau sai na kashe ka", yana maganar yana dariya har numfashinsa yana sarƙewa, ana jin hayaniyar gidan kallon ƙwallo a bayansa, wani yana ihun an ci. Saƙon da ya gabace shi tsokana ce a kan kulob ɗinsa da aka lallasa. Babu kalma ɗaya da mai fassarar ya canza, amma dariyar da hayaniyar ba su hau takarda ba.

Na biyun akasin haka ne. Mutanen suna ta maganar "shinkafa" a saƙonninsu, lauyansu ya dage cewa 'yan kasuwa ne. Na zauna da hirar ta wata da watanni, na fitar da kowane wuri da kalmar ta fito, na jera su. Shinkafar nan ba a taɓa auna ta da kwano ko buhu ba, da kati ake ƙirga ta. Kuɗinta bai yi kama da na shinkafa a kowace kasuwa ba. Ana kai ta da tsakar dare, ana sa ta a aljihu, wani har yana ƙorafin ta jiya ba ta bugar da shi ba. Na gaya wa kotu cewa a wannan hirar, tsakanin waɗannan mutanen, shinkafa ba abinci ba ce. Ban samo wannan daga wani ƙamus ba, hirar ce ta fassara kanta. Masu laifi suna zaurance da gaske, kuma wanda aka sara a unguwarku shi ma yana da yaya da ke kuka. Aikin masani shi ne ya faɗi dukan ma'anonin da kalma take ɗauka, ya nuna wadda hirar ta fi goyon baya da dalilinsa, in kuma hirar ba ta isa ta raba gardama ba ya faɗi haka. Ba aikinsa ba ne ya ce wane ya yi niyyar kaza.

Wannan hanyar ita ce lauyanku zai bi. Ya nemi a kawo hirar gaba ɗaya da Hausarta, yadda aka rubuta ta da kurakuranta, da ranaku da lokuta, kada ya yarda da hoton saƙo ɗaya da aka yanko. Ya duba me abokin ya amsa. Idan ya ce "to, bayan na yi salla" ko "biyu ta yi wuri", magana ta ƙare, lokaci ake nufi. Idan ya ce "guda ɗaya gare ni", to akwai bayanin da ƙanenki zai yi, kuma gara ku san haka tun yanzu. Ya koma baya wata uku ko shida ya ga yadda yaran nan suke amfani da ƙarfe da aiki a ranakun da ba a yi faɗa ba. Mutumin da ya saba rubuta "ka zo da karfe hudu", "mu hadu da karfe tara" ya riga ya nuna ma'anar kalmar a bakinsa. Ya duba ƙarfe nawa aka tura saƙon, ƙarfe nawa kuma aka yi faɗan. In ɗan sandan ya hau akwatin shaida, a tambaye shi cikin ladabi a ina ya koyi wannan ma'ana, ko ya san wasu ma'anonin, me ya sa bai rubuta su ba, kuma ya yi fassarar ne kafin ya zargi yaron ko bayan nan. Lauya yana da damar kiran nasa masanin. Sassan Hausa da na nazarin harshe a Jami'ar Bayero, da Ahmadu Bello a Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna da malaman da suka yi aiki a kan sara da karin harshen rukuni. Wani lokaci kuma shaidar mai garejin da yaron yake yi wa aiki ta fi ta farfesa amfani, idan zai iya cewa ranar da ƙarfe biyu yana wurinsa.

Ke kuma abin da ke hannunki: kada kowa a gida ya goge komai daga wata waya, ko da yana ganin zai taimaka, don gogewar kanta tana zama hujja. Kada ku kitsa wa yaron abin da zai ce. Idan kin je ganinsa, ki tambaye shi tsakaninsa da Allah wane aiki ne, na wa, a ina, nawa aka yi za a biya, wa ya gan shi. Ki rubuta amsar yadda ya faɗe ta, da Hausarsa, ki kai wa lauya tun kafin ranar zaman kotu na gaba.